Alamomin ƙarfin amo: ƴan haruffan da ke da wuyar kiwo cikin rubutun kiɗa

Ran 26 ga watan Agusta na shekara ta 2024, kamfanin MakeMusic na ƙasar Amurka ya ba da sanarwa cewa ya daina gyara da sayar da manhajarsa ta rubutun kiɗa mai suna Finale, wadda ta fito tun cikin 1988. Wanda kiɗa ba sana'arsa ba ce bai ma ji labarin ba. To amma ga masu tsara kiɗa, da malaman lakkol-lakkol na kiɗa, da gidajen buga takardun kiɗa na ƙasashe da dama, ranar ta zama ta tagumi, domin aikin da suka tara na shekara talatin da biyar yana cikin wani rumbu ne wanda mai makullinsa ya ce ya gaji. Dole ke nan a kwashe kaya a koma wani gida. Cikin kayan da suka fi shan wuya a irin wannan ƙaura akwai wasu ƴan haruffa, kamar p da f, waɗanda ke gaya wa makaɗi inda zai sassauta da inda zai ƙara ƙarfi. Ƙanana ne a ido, amma in ɗaya ta ɓace, ko ta zauna inda ba gurbinta ba, makaɗa tamanin suna iya danne muryar mawaƙiya guda.

Yadda ake rubuta kiɗa

Mai karatu ya san cewa rubutun boko ba ya ɗauke da dukan abin da baki ke faɗa. In an rubuta kuka, sai mai karatu ya duba jimla kafin ya gane ko itaciya ake nufi ko zubar da hawaye, domin ba a rubuta karin murya ba. Haka rubutun kiɗa na Turawa ya faro, da giɓi mai yawa wanda makaɗi ke cikewa da abin da ya ji wajen malaminsa. Wani malamin addinin Kirista na ƙasar Italiya, Gido na garin Arezo, shi ne ya daidaita rubutu bisa layuka cikin farkon ƙarni na 11. A yau layukan biyar ne a jere. Ɗigon da aka ɗora can sama yana nuna siririn amo, wanda ke ƙasa kuma amo mai kauri. Siffar ɗigon ita ke nuna daɗewarsa, sanduna na tsaye kuwa suna raba layukan ɗaki-ɗaki domin a riƙa ƙirga. Shekaru ɗaruruwa abin da ake rubutawa ke nan. Maganar ƙarfin amo an bar wa kunne da al'ada.

Da aka zo rubuta ta, sai aka yi da harshen Italiyanci, kuma har yanzu da shi ake yi ko a Japan ko a Rasha. Harafin p yana madadin piano, wato a yi sannu. F kuma forte, wato da ƙarfi. In an ninka harafi an ƙara wa abin gishiri: pp sannu ƙwarai, ff ƙarfi ƙwarai. Tsakaninsu akwai mp da mf, matsakaita. Akwai kuma ƙari da ragi na sannu a hankali, crescendo da diminuendo, waɗanda akan rubuta da kalma ko a zana da layi biyu masu buɗewa ko rufewa kamar bakin almakashi. Faransawa suna kiran wannan zane da sunan zugazugin maƙera, Jamusawa suna ce masa cokali mai yatsu, Ingilishi kuwa tsinken kama gashi na mata. Sunan Faransawa ya fi dacewa, domin aikin zanen ke nan, ya hura wuta ko ya bar ta ta lafa, saboda haka zugazugi za a kira shi a nan.

Daga Banis zuwa London

Ɗaya daga cikin takardun farko da aka buga da irin waɗannan alamomi ita ce ta Jobani Gabriyeli, makaɗin babbar majami'ar San Marko ta birnin Banis, cikin 1597. Ya raba mabusa da makaɗa takwas gida biyu. In gida ɗaya yana yi shi kaɗai sai ya rubuta a yi sannu, in sun haɗu ya rubuta a yi da ƙarfi, har sunan kiɗan ma daga nan ya samo shi. Amma abin bai bazu nan da nan ba, kuma akwai dalili. Babban abin kiɗan gidajen sarauta na wancan zamani, wanda Faransawa ke kira kilabsan, tsinkar tsirkiya yake yi da gashin tsuntsu, ko an danna da ƙarfi ko an danna a hankali amon kusan ɗaya ne. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita a ƙofar fada ya san irin wannan hali: ba a ce wa algaita ta yi raɗa.

Wajen shekara ta 1700 ne wani gwanin ƙira, Bartolomeyo Kiristofori, wanda ke aiki a gidan sarautar Medici na birnin Fulorans, ya ƙera wani sabon abu mai ƴan guduma da ke dukan tsirkiya gwargwadon nauyin yatsa. Aka kira shi mai sannu da ƙarfi, daga baya sunan ya gajarce ya zama piyano. Uku daga cikin waɗanda ya ƙera da hannunsa suna nan har yau a gidajen ajiyar kayan tarihi na New York da Roma da Laifzig. Cikin tsakiyar ƙarni na 18 kuma ƙungiyar makaɗan fadar Manhaim ta ƙasar Jamus, ƙarƙashin jagorancin Yohan Stamits, ta yi suna wajen tasowa da kiɗa daga ƙasa-ƙasa har ya cika zaure, dukansu tare kamar mutum ɗaya. Daga nan ƙarfin amo ya zama wani ɓangare na ma'anar kiɗan kansa. A London cikin 1792, Yosef Haydin ya gabatar da babban kiɗansa mai lamba 94, inda ya sa wani sassauƙan kari a yi shi sannu, a maimaita shi sannu ƙwarai, sa'an nan a ɗaki na 16 kowa da kowa har da tambura su buga amo ɗaya da iyakar ƙarfinsu. A cire ff ɗin nan guda, kiɗan ya zama na lallashin yaro, sunan da aka laƙaba masa na ba-zata kuma ya faɗi.

Ya kamata mai karatu ya lura da abu guda, domin shi ne tushen wahalar da za a gani a gaba. Waɗannan haruffa ba awo ba ne irin na tiya ko na kilo. Sannun mai ƙaho yana iya fin ƙarfin mai sarewa, kuma f na cikin ɗan ɗaki daban yake da f na filin farati. Shi ya sa Gustab Mala, wanda ya rasu cikin 1911, yakan ba wani mabushi ff ya ba na kusa da shi p a lokaci guda, domin abin da ya isa kunnen mai sauraro ya daidaita. Wasu kuma sun kai abin maƙura. Caikobski na Rasha, cikin babban kiɗansa na shida wanda ya gabatar kwana tara kafin rasuwarsa a 1893, ya jera p har shida a ƙarƙashin amo huɗu na wata doguwar abin busa ta itace da ake kira bason. Da wuya bason ta yi ƙasa haka, saboda haka madugan makaɗa da yawa sukan miƙa wurin ga babbar kilarinet. Shekara ɗari bayan haka Ligeti, ɗan asalin Hangari, ya jera f takwas a wani darasi na piyano. Ba mai yatsun da za su bambanta bakwai da takwas. Saƙo ne ga zuciyar makaɗi, kuma makaɗi ya gane.

Tun kafin kwamfuta ma alamomin nan suna rikita masana. Faranz Shubat na birnin Biyana, wanda ya rasu cikin 1828 yana da shekara 31, yana da hannun rubutu mai gaggawa. Alamar dukan amo guda da ƙarfi da zugazugin ragewa siffarsu ɗaya, tsawo kaɗai ya raba su, shi kuwa yakan ja ta farkon ta yi tsawo. Masu buga takardunsa na ƙarni na 19 sun karanta da yawa daga ciki a matsayin ragewa. Har amon ƙarshe na babban kiɗansa wanda ake yi wa laƙabi da Babba bai tsira ba: wasu madugai suna barinsa ya mace sannu a hankali, wasu suna sare shi da ƙarfi, kowa kuma yana cewa abin da takarda ta ce ke nan.

Uwar takarda da ƴaƴanta

Ƙa'idar alamar ƙarfin amo ita ce, da zarar an rubuta ta, hukuncinta yana nan daram har wata ta zo ta soke shi. Kamar doka take, ba ta tsufa don an daɗe ba a ambace ta ba. In an sa p a ɗaki na 12, kuma ba a sake sa kome ba sai a na 60, to duk abin da ke tsakani sannu ne. Wannan yana da sauƙi ga kiɗan mutum ɗaya mai shafi biyu. Amma uwar takardar babbar ƙungiya tana iya ɗaukar jeren layuka ashirin ko talatin a kowane shafi, kowane jere da abin kiɗansa da nasa hukunci, shafuffukan kuma su haura ɗari. Mai tsarawa ya kai shafi na 40, ya rubuta wa mai sarewa sabon kari, sai tambaya ta taso: da wane ƙarfi aka bar sarewa? Amsar tana iya zama shafi tara a baya.

Ita uwar takarda madugu kaɗai ke riƙe da ita. Kowane makaɗi ƴar takardarsa ake ba shi, mai ɗauke da nasa jere kawai. Ba ya ganin cewa maƙwabtansa duk an sa musu pp. In ya yi shiru na ɗaki arba'in yana ƙirga, ya zo shiga bai tarar da alama ba, ko dai ya bi tsohuwar f da ya baro can baya ya fasa wa jama'a kunne, ko ya ɗaga hannu a tsai da gwaji. Tsai da mutum tamanin da ake biya da awa domin harafi guda ba ƙaramar hasara ba ce, musamman a ɗakunan ɗaukar kiɗan silima, inda makaɗa ke ganin takarda karo na farko ran da za a ɗauka. Saboda haka masu sana'ar suka kafa al'ada cewa duk inda makaɗi ya dawo daga dogon shiru a sake rubuta masa alama, ko da ba ta sauya ba, kuma duk zugazugi a nuna inda ya taso da inda ya nufa. Wurin zamansu ma an ƙayyade: ƙarƙashin layuka ga kayan kiɗa, bisa layuka ga mawaƙa tun da kalmomin waƙa sun cinye ƙasa, tsakanin jere biyu ga piyano. Littafin da Ilen Guld ta wallafa a London cikin 2011 shi ne madogarar yawancin masu wannan aiki a yau.

A da masu juyi ke wannan aiki da alƙalami, masu sassaƙa kuma su buga shi a bisa faranti na ƙarfe mai taushi, a birkice kamar hatimi. Mai juyi nagari makaɗi ne shi ma, in ya ga giɓi ya san giɓi ne, ya tambaya ko ya cike.

Da kwamfuta ta karɓi alƙalami

Manhajojin rubutun kiɗa ba su da yawa. Bayan Finale akwai Sibelius, wadda wasu tagwaye na Ingila, Ben da Jonatan Fin, suka fito da ita cikin 1993. Kamfanin Avid ya saye ta a 2006, ya rufe biron London a 2012, ma'aikatan da aka sallama kuwa kamfanin Steinberg ya ɗauke su, suka gina Dorico wadda ta fito a 2016. Akwai kuma guda biyu na kyauta, LilyPond da MuseScore. Dukansu sun kawar da babbar wahala guda. Tun daga Sibelius ta 4 a 2005, da Finale jim kaɗan bayanta, ƴaƴan takardu suna ɗaure da uwarsu, in an gyara harafi a nan ya gyaru a can. To sai dai an toshe wata kafa, wasu sun buɗe.

Ga mai alƙalami, p tawada ce a ƙarƙashin ɗigo, ido ya gan ta magana ta ƙare. Ga kwamfuta kuwa, kowace alama tana da turke, wato an ɗaure ta ga wani jere, ga wani bugu na wani ɗaki, wani lokaci ma ga murya ɗaya cikin muryoyi biyu da ke raba jere. Inda ido ke ganinta da inda turkenta yake suna iya saɓawa. Mai gaggawa ya ga alama ta matse, ya ja ta da hannu ta sauka kusa da jeren da ke ƙasa. A uwar takarda sai ta yi kama da ta mai goge, alhali turkenta yana wajen mai sarewa. Ran da aka buga ƴaƴan takardu, mai goge ba shi da kome, mai sarewa yana da biyu. Haka nan in mabusa biyu suna raba jere ɗaya aka ɗaure alama ga murya ta farko kaɗai, ta biyu ta tashi a tutar babu sa'ad da aka raba su.

Akwai kuma harafin da aka buga da rubutu na banza. A Sibelius, alal misali, akwai nau'in rubutu da aka keɓe domin waɗannan alamomi. In mutum ya sa f cikin wani nau'i na daban, ido yana iya yarda, amma manhaja ba lalle ta ƙirga ta cikin alamomi ba, in an ce ta tattaro su sai ta tsallake ta. Yanka da liƙi ma yana da nasa sharri. An kwashe ɗaki takwas daga farkon kiɗa an kai su ƙarshe, amma alamar da ke mulkinsu tana ɗaki biyu kafin inda aka fara yanka, saboda haka suka isa sabon wuri ba takardar shaida, suka shiga ƙarƙashin hukuncin da suka tarar. Ko kuwa an yanke zugazugi a tsaka, bakinsa ya tafi, wutsiyarsa ta zauna. Ba ko ɗaya cikin waɗannan da ke sa kwamfuta ƙorafi, domin a wajenta duka halas ne. LilyPond, wadda ake rubuta mata kiɗa da haruffa kamar wasiƙa, ita ce tun da daɗewa ke tsawatarwa in an buɗe zugazugi ba a rufe ba.

Lamba 127

Wata fuskar matsalar ta sauraro ce. Manhajojin nan suna iya kaɗa abin da aka rubuta, kuma domin haka dole su mai da harafi lamba. Cikin 1983 kamfanonin ƙera kayan kiɗa na lantarki na Amurka da Japan suka amince da wani harshe guda da na'urori za su riƙa magana da shi, ana kiransa MIDI. A cikinsa ƙarfin dukan amo yana tashi daga 1 zuwa 127. Kowace manhaja ta raba wa haruffa wannan gado yadda ta ga dama. A MuseScore ta 3, misali, p ta samu 49, mf 80, f 96, ff 112, fff kuma 126. Mai karatu ya ga cewa daga nan babu sauran fili, f takwas na Ligeti ba su da wurin tsayawa. An faɗaɗa ma'aunin a sabon MIDI na 2020 zuwa matakai 65,536, amma yawan matakai ba ya warware ainihin zancen, tun da dai an riga an ce haruffan ba awo ba ne.

Bugu da ƙari, wannan lamba a farkon amo kaɗai take aiki. Ga piyano ya isa, domin guduma sau ɗaya take duka. Ga mai goge ko mai busa, wanda ke iya riƙe amo ɗaya ya yi ta hura shi yana girma, sai an aika da wani saƙo dabam mai gudana. MuseScore ba ta iya wannan ba sai a 2019.

Illar da ta fi ɓoyuwa daga nan take fitowa. Mai tsarawa ya saurari kiɗansa a kwamfuta ya ji ƙaho ya yi ƙasa, sai ya ƙara masa f ta zama ff. A zaure kuwa ƙaho na gaske ba ya bukatar taimakon kowa, sai ya binne gogaye goma sha shida. Wani kuma ya san haka, sai ya bar alamar da makaɗa za su gani yadda take, ya dasa wasu ɓoyayyu domin kunnen kwamfuta kaɗai. Dabara ce mai kyau ran da aka yi ta. Bayan shekara biyu, shi kansa ya manta inda ya binne su, takarda tana cewa sannu, lasifika tana ihu, ba wanda ya san dalili. A nan ya kamata a faɗi gaskiya: kunnen kwamfuta mashawarci ne mai amfani wajen kama ɗigon da ya ɓata hanya, amma wajen ƙarfin amo shaidarsa ba ta kai a yanke hukunci da ita ba.

Masu ƙera manhajoji ba su zauna ba. Sibelius tana da matata wadda ke zaɓo alamomin ƙarfi kaɗai daga cikin shafi, a kwashe su a ɗora wa wani jere. Dorico tana ɗaure alamomin jere ɗaya su zama ayari, p da zugazugi da f su tafi tare, tana kuma ƙulla na jere daban-daban da ke bugu ɗaya, in an sauya na sama na ƙasa su bi. Wannan ma kaifi biyu gare shi, domin mai son yin irin ta Mala sai ya tuna ya kwance ƙullin tukuna. Tana kuma nuna ƙarfin kowane abin kiɗa da layi mai hawa da sauka, wanda ke amsa tambayar mutumin shafi na 40 da kallo ɗaya. Fitowarta ta shida, a 2025, ta zo da wani sashe na duba kurakurai wanda ke nuna wuraren da alamomi suka maimaitu ko suka yi shubuha. Duk da haka gogaggun masu juyi ba su bar tsohuwar hanya ba. Sukan buga kowace ƴar takarda, su karanta ta ita kaɗai daga farko har ƙarshe kamar su ne za su busa, da jan alƙalami a hannu, suna tsayawa a bayan kowane shiru.

Zancen bai yi nisa da gida ba kamar yadda ake zato. Makaɗin kalangu ko na gurumi ba ya bukatar takarda, ya san inda zai sassauta domin kirari ya fito, tun yana yaron kiɗa ya sha wannan a kunne. Amma ƴan badujala da ke busa taken ƙasa ran sallar jamhuriya da takarda suke aiki, kowa da tasa, kuma Nijar ta sauya takenta cikin watan Yuni na 2023. Duk wanda aka ɗora wa raba sabon kari ga ƙahoni da ganguna, ko malamin da ke koyar da rubutun kiɗa a Yamai ko Damagaram da manhajar kyauta, da waɗannan haruffa zai yi fama.

Ƙaura daga Finale

Kowace manhaja da irin ƙunshin da take ajiye aiki a ciki, kuma wata ba ta buɗe na wata. Gadar da ke tsakaninsu ita ce MusicXML, wadda Maikel Gud ya ƙirƙiro, fitowarta ta farko a 2004, ta huɗu a 2021. Ta wannan gada masu Finale ke ƙetarawa, wasunsu zuwa Dorico, wadda MakeMusic da kansa ya nuna musu tare da rangwamen kuɗi. Da farko kamfanin ya ce bayan shekara ɗaya ba za a ƙara iya ɗora Finale a sabuwar kwamfuta ba. Da kuka ya yi yawa sai ya janye wannan magana. Amma manhajar da ba a gyarawa kwananta ƙirgaggu ne, ran da tsarin kwamfutoci ya sauya ya bar ta a baya, ƙunshinta ya zama akwati marar makulli.

Ɗigogi suna ƙetare gadar lafiya galibi, domin ɗigo ɗigo ne a ko'ina. Alamomin ƙarfi kuwa duk wani tsohon aibi da ke jikinsu a bakin gada yake bayyana. Wadda aka ja da hannu tana komawa gindin turkenta na gaskiya. Wadda aka buga da rubutun banza tana isa a matsayin kalma marar aiki, ko ta fito da baƙin harafi in sabuwar manhaja ba ta da irin zanen haruffan tsohuwar. Zugazugin da aka zana da layi biyu na kawai yana iya ɓacewa ɗungum, ɓoyayyun alamomi kuma wani lokaci su fito fili su cika shafi. Gidan buga takardu mai kiɗa dubbai a ajiye ba shi da ma'aikatan da za su duba kowane ɗaya yanzu.

Shawarar da masu ajiyar takardun kiɗa ke ba juna ita ce, tun Finale tana buɗewa, a fitar da kowane aiki kashi uku: ƙunshinsa na asali, da na MusicXML, da hoton shafi na PDF wanda ba ya motsi, uwar takarda da ƴaƴanta duka. Wanda zai buɗe aikin a sabuwar manhaja bayan shekara goma sai ya ajiye hoton a gefe ɗaya, sabon shafi a ɗaya gefen, ya bi su jere-jere, ɗaki-ɗaki, yana gwada p da p.